Abin da Uba Ba Ya Faɗa, Kawu Ke Faɗa

A gidajenmu na Achilafiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Kazaure, uba ba ya yawan zama da ɗansa su yi doguwar hira. Akwai kunya a tsakani, musamman idan ɗan fari ne, wanda ko sunansa iyaye ba sa kira. Uba zai biya kuɗin makaranta idan da hali, ya sayi littafi da takalmi, amma da wuya ya tambaye ka abin da kake so ka zama. Wannan giɓin dangi ne ke cike shi: kawu, baffa, gwaggo, inna, har da kaka da ke fakewa da wasan jika ta gaya maka gaskiya mai ɗaci kana dariya.

Mu huɗu ne a gidanmu muka shiga babbar sakandare kusan lokaci guda, maza biyu mata biyu, 'ya'yan wa da ƙani. Abin da ke gabanmu a lokacin bai wuce abin da ke gaban sa'o'inmu ba. Damina ta faɗi, sai gona. An gama girbin gero da gyaɗa, sai samari su ɗaure jaka su tafi ci-rani Kano ko Legas, su dawo da sabuwar waya da ɗinkin sallah. 'Yan mata kuwa, da sun kai aji huɗu sai a fara maganar manema. Ga kuma maganar da ake yawan yi a dandali, cewa wane ya gama digiri yana nan yana zaman kashe wando. Duk wanda ke jin irin wannan kullum, dole gwiwarsa ta yi sanyi.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyar biyu daga cikinmu, direban motar haya ne tsakanin Kazaure da Kano. Bai wuce firamare ba. Bai taɓa ce mana ilimi haske ne ba, domin ya san mun ji wannan a bakin malamai har mun haddace. Tambaya ya yi mana wata rana da yamma, bayan ya duba takardun sakamakonmu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ku yaran nan, ɗaliban da nake ɗaukowa daga Kano ina saukewa a ƙofar kwalejin Hussaini Adamu, kun san daga ina suke? Wasu daga Kogi, wasu daga Binuwai, wasu ma Hausa ba sa ji. Sun kwana a hanya don su shiga makarantar da ku za ku iya zuwa ku dawo a yini guda. To, wa aka gina wa ita?"

Muka yi shiru. Ya ce, "Ban ce ku bar gona ba. Amma manomin da ya yi sake da noman fari, maimai ba ya cetonsa. Aji huɗu shi ne noman farinku."

Daga nan sai ya koma lissafi, irin na mai mota. Ya riga ya tambayi fasinjojinsa ya gano cewa sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, kafin a yi maganar shiga babbar makaranta. Ya san jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, kuma a kwamfuta ake rubuta ta. Ya sayo mana fitila mai cajin rana da tsofaffin takardun tambayoyin jarrabawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: sa'a guda bayan sallar Asuba, kafin kowa ya ɗauki fartanya ko tulu. Duk Juma'a idan ya zo gaida mahaifiyarmu, sai ya ce, "A kawo min littattafan." Ba ya iya gyara mana lissafi, amma yana ƙirga shafukan da aka cika.

Ya kuma shiga inda mu ba za mu iya shiga ba. Da aka fara kawo goron neman auren babbar 'yar'uwarmu, shi ya samu Baffa a zaure ya roƙi a ɗaga har ta rubuta jarrabawa. Aka ɗaga. Yau tana aiki a asibiti, kuma a ɗakin mijinta take.

Mun daɗe muna tunanin abin da ya sa maganarsa ta kama mu. Malami yana yi wa aji guda nasiha, cikin mutum sittin ba ka san ko da kai yake ba. Kawu ya san ranar da aka haife mu, ya san abin da ke cikin rumbun gidanmu, don haka bai ɗora mana abin da ya fi ƙarfinmu ba. Kuma bai yi magana ya tafi ba. Dawowar da yake yi duk mako ita ta sa kunyarsa ta hana mu barcin safe.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, makarantu sai matsowa kusa da mu suke yi. An buɗe jami'ar tarayya a Dutse a 2011, ga jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, a 2021 kuma aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura, nan maƙwabtanmu. Sai dai gini ba ya zuwa gida ya tashi yaro da asuba. Wannan aikin dangi ne. Yanzu mu ake kira Kawu da Gwaggo, kuma a kowane gida akwai yaron da ke aji huɗu yana jiran wanda zai ce ya kawo littafinsa a gani.