MUBI: RAI DANGIN GORO NE

Duk matafiyin da ya baro Yola ya yi arewa, ya ratsa Girei da Song da Gombi da Hong, in ya kai Mararraba sai ya karya gabas, ba kuwa zai daɗe ba sai ya hango duwatsun Mandara sun yi jere kamar ganuwa. A gindin duwatsun nan, a bakin kogin Yedzaram, garin Mubi yake zaune, tafiyar kilomita wajen 200 daga hedkwatar Jihar Adamawa. Bayan duwatsun kuwa ƙasar Kamaru ce. Masu yi wa garin kirari suna ce masa Sabon Dale.

Galibin waɗanda ba su taɓa zuwa ba abu biyu suka sani game da Mubi, watau babbar kasuwar shanu wadda ake loda motoci daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan, da kuma masifar da ta auka wa garin a shekarar 2014. Amma akwai abu na uku wanda sai an taka ƙafa cikin kasuwa ake ganinsa. Shi ne yadda talakan garin, bayan ya sayi masara da mai da gishiri, yakan rage ɗan wani abu ya kai wa mai turare, ko tela, ko ɗan gwanjo. Mai gaggawar yanke hukunci zai ce almubazzaranci ne a garin da ya sha wuya irin wannan. Hausawa kuwa tuni suka ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

GARI MAI ƘOFA BIYU

Kafin a fahimci kasuwar Mubi sai an san inda garin ya fito. Ƙasar Fali da Gude ce tun asali, daga baya Fulani suka zauna, ta shiga ƙarƙashin daular Adamawa. Jamusawa suka ci garin a 1903 suka mai da shi sansaninsu na bakin iyaka, Turawan Ingila suka karɓe shi a 1914. Daga nan ya zauna cikin yankin da ake kira Arewacin Kamaru na Ingila har zuwa 1961, lokacin da jama'ar yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. A 1976 ta shiga Jihar Gongola, a 1991 kuma aka kafa Jihar Adamawa.

Saboda wannan tarihi garin ya zama kamar gida mai ƙofa biyu, ɗaya tana duban Kano da Maiduguri, ɗaya tana duban Garwa da Marwa. A kasuwa ana jin Hausa da Fulatanci da Margi da Higi da Kilba da Barbarci, ana kuma canjin Naira da Sefa a bakin hanya. Mai shago yakan ce wa mai sayayya Adda ko Goggo ko Hajiya, gwargwadon shekarunta, ita kuma ta ce masa Bappa ko Malam. Kayan ado ma haka suke shigowa ta ƙofofin nan biyu.

RANAR DA AKA FITA DA RIGAR JIKI

Ran 29 ga watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Mutane dubbai suka bar tukunya a kan murhu suka fita, waɗansu suka hau duwatsu suka ƙetare zuwa Kamaru, waɗansu suka bi daji da ƙafa suka nufi Yola. Maharan suka kafa tutarsu, suka sake wa garin suna Madinatul Islam. A tsakiyar watan Nuwamba mafarauta da 'yan banga tare da soja suka ƙwato shi. Da jama'a suka fara komowa sai suka tarar an fasa bankuna da shaguna, an ƙone wuraren ibada, gidaje da yawa kuma an yashe su.

Wanda bai taɓa gudun hijira ba yana tsammanin yunwa ce kaɗai wahalarta. Akwai kuma wata wahala wadda ba a cika faɗa ba. Magidanci mai mutunci ya wayi gari da riga ɗaya, in ya wanke sai ya ɓuya har ta bushe. Uwargida wadda ta yi shekara 20 tana tara atamfa a akwati ta koma aron zane a gidan da ta sauka. Masu ba da agaji suna kawo shinkafa da bargo, Allah Ya saka musu, amma ba a rabon mutunci a buhu. Mutum shi yake nemo wa kansa shi, da ɗan kwalli, da hula mai tsabta, da ƙanshin da zai sa ya zauna cikin jama'a ba tare da ya takure ba.

'YAN GWANJO

Wurin da aka fara sake tufatar da Mubi shi ne wajen 'yan gwanjo. Kayan nan tsofaffin tufafi ne da mutanen Turai da Amurka da Asiya suka bayar ko suka sayar, a ɗaure su dila dila, a sauke su a tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano, su biyo mota har su iso gindin Mandara. Shekaru da dama gwamnatin Nijeriya ta sa su cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma hanin bai taɓa raba su da kasuwa ba, domin talaka ba shi da madadinsu.

Daɗin gwanjo yana wajen fasa dila. Shi kansa mai kayan bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke ƙarfen ɗauri. Masu ido sukan yi sammako domin zaɓen farko, su tsuguna suna ɗaga riga suna duban wuya da hammata da maɓalli, suna shafa yadi don su ji nauyinsa. Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ko na Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a garin a 2002, nan yake samun kwat da takalmin da zai tsaya da su gaban malamai. In hunturu ya sauko daga duwatsu, iyaye mata su ne a kan tulin suwaita da safa da hulunan sanyi na yara. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. Wanda ya tsinci riga mai kyau da kuɗi kaɗan yakan koma gida yana murmushi kamar ya ci gasa, ya wanke ta, ya kai wa mai guga, ranar Juma'a ko Lahadi ya fito fes, ba mai tambayarsa inda ya samo.

Wannan wuri ne kuwa masifa ta sake faɗa wa. Ran 1 ga watan Mayu na 2018, da azahar, 'yan ƙunar baƙin wake biyu suka ta da bam a wani masallaci da kuma kusa da kasuwar 'yan gwanjo. Hukuma ta ce mutum wajen 30 suka rasu, masu haƙa kabari kuwa suka gaya wa 'yan jarida sun binne fiye da 80. Aka yi zaman makoki, aka share wuri, bayan ɗan lokaci aka sake shimfiɗa tabarmi aka fasa dila. Duk wanda ya ga ana cinikin riga a wurin nan, ya kamata ya san ƙasar da yake takawa.

HUMRA DA TURAREN WUTA

In an bar 'yan gwanjo aka doshi rumfunan masu turare, hanci ne yake yi wa mutum jagora. Sana'ar haɗa ƙanshi a wannan nahiya gadon Shuwa ne da Barebari, ta biyo hanyar Sudan da Cadi da Borno, a Mubi ma akwai unguwa da ake kira Unguwar Shuwa. Humra ba a yin ta da gaggawa. Ana samun garin sandal, da almiski, da kanumfari, da farce, a haɗa su da turarukan mai, a rufe cikin kwalba a ajiye har ta tsumu. Shi farcen nan murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, irin wanda ake samu a Bahar Maliya, sai an wanke shi sarai an soya kafin ƙarninsa ya fita ya bar ƙanshi mai kama jiki. Kowace mai haɗi tana da nata sirrin, uwa ce take koya wa 'ya.

Turaren wuta kuwa ɓarɓashin itatuwa ne masu ƙanshi, a soya su da sukari da turaren mai. A zuba kaɗan a kan garwashi cikin kasko, a kifa kabbasa, a shimfiɗa tufafi a kai su sha hayaƙi. Ɗakin da ba shi da kujera ko ɗaya, in an share shi aka kunna turaren wuta, baƙo ba zai raina shi ba. Mata da yawa da suka rasa mazansu a rikicin nan da wannan sana'a suke ciyar da marayu, suna ƙulla turare a 'yan ƙananan kwalabe daidai ƙarfin mai saye.

A gefe guda ga turarukan da kakanni suka sani. Akwai ɗan Duwala, wanda sunansa ma yake tuna wa mutum ƙofar Kamaru. Akwai Bintu Sudan, wanda wani kamfanin Landan mai suna W. J. Bush ya fara yi a 1920, daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano. Ba a sa masa barasa, shi ya sa masallata suka karɓe shi hannu bibbiyu, ana shafa shi ranar biki, ana kuma sa shi a likkafani. Masana ilmin ƙwaƙwalwa sun ce hanyar da ƙanshi yake bi daga hanci tana da kusanci ƙwarai da sashen da ke riƙe da tunani da motsin rai. Shi ya sa mutum yakan buɗe 'yar kwalba ɗaya sai ya ga kamar yana tsaye a ɗakin uwarsa, ko da wuta ta cinye ɗakin tuntuni.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Abin da ya fi kowanne daraja a yau shi ne abin da ya tsira. Akwatin ƙarfe na kaka wanda ɓarayi ba su kula da shi ba, in aka buɗe sai a tarar da tarihi a ninke. Ga atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, ga ta CICAM wadda aka saƙa yadinta a Garwa, ga ta masaƙun Kaduna irin su UNTL. Yawancin masaƙun Kaduna sun rufe a shekarun 2000, kasuwa ta cika da yadin Sin, saboda haka tsohon zanen gida ya zama abin da kuɗi ba ya saya. Yarinya takan roƙi kakarta turmi ɗaya ta kai wa tela ya yi mata ɗinkin zamani, ta fita biki sa'anninta suna tambaya, ta ce ai wannan ya girme mu duka.

Haka kuma kwanonin samira da langa da kumbo waɗanda a dā ake yi wa amarya jere da su, da keken ɗinki na Singer ko Butterfly wanda ake sa wa mai yana ci gaba da aiki shekara da shekaru, da agogon Seiko da ɗa ya gada wajen ubansa. Masu gyara suna nan a bakin kasuwa da 'yan akwatunansu na gilashi, suna raya abin da wani wuri da tuni an jefar.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Hular zanna, wadda mutanen Bama suka shahara da ɗinkinta, takan ci makonni a hannun mai allura, kuma gudun hijira ya watsa masu wannan sana'a cikin garuruwan arewa maso gabas. In ta tsufa ba a yar da ita. Mai wankin hula ya goge ta, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan gungume ta sha rana, ta komo kamar sabuwa da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Da Salla ta gabato, ko Kirsimeti, teloli ba sa barci, ana jin ƙarar kekuna har asuba, 'yan mata kuma suna zaune sun miƙe ƙafa lalle yana bushewa.

MA'AUNIN FARFAƊOWA

Hukumomi suna auna farfaɗowar gari da yawan gine-ginen da aka gyara da bankunan da aka sake buɗewa, wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani ma'auni wanda ba ya shiga takarda. Mutumin da yake tsammanin zai gudu gobe ba ya ba tela ɗinkin da za a karɓa bayan mako uku, mace mai shirin hijira kuma ba ta rufe humra a kwalba ta ce sai ta tsumu. Duk wanda ya yi haka ya yarda a ransa cewa yana nan zaune, gobe ma tasa ce.

Wannan ba ya nufin wuya ta ƙare. Tsadar kaya ta matsa wa kowa, wanda ya binne ɗansa kuwa babu turaren da zai mayar masa da shi. Abin da ƙananan abubuwan nan suke yi shi ne su riƙe mutum a tsaye har haƙuri ya yi aikinsa. Saboda haka duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Mubi, bayan ya ga kasuwar shanu ya kalli duwatsu, ya daure ya ratsa wajen 'yan gwanjo ya taya ko da hula ce, ya kuma sayi 'yar kwalbar humra ya kai tsaraba gida. Allah Ya zaunar da Mubi da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.