Garin da Ƙwai Ke Karatu

Ku ɗan ajiye muciya ku saurara, in ba ku labarin wani gari da na ziyarta a ƙasar Amurka, inda malaman jami'a suka ɗauki yumɓu, irin wanda ake gina tukunya da shi, suka mai da shi abin yi wa zamani ba'a.

Sunan garin Davis, a jihar Kalifoniya, kamar mil 15 yamma da Sakramento, babban birnin jihar. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ga gonaki ko'ina, ita ma jami'ar garin asalinta gonar koyar da noma ce. Abin hawan mutanen keke ne, malami da ɗalibi. In kika yi sakaci wajen tsallake hanya sai ki ji ƙararrawa a ƙeyarki.

Da na isa ƙofar babban ɗakin karatu na jami'ar, sai na ga wani ƙaton farin ƙwai a ƙasa. Na matsa kusa, ashe kan mutum ne, ba wuya ba jiki, ya kifa fuskarsa cikin buɗaɗɗen littafi har hancinsa ya nutse. Su Turawan can, in mutum ya cika karatu har ya manta da duniya, sukan ce kansa ƙwai ne. To, shi ne wani malaminsu mai suna Robert Arneson ya ƙera musu ƙwayayen, guda bakwai, aka warwatsa su wuri biyar cikin makarantar tsakanin 1991 da 1994. Waɗannan kam da tagulla aka zuba su aka shafa farin fenti, don su jure ruwa da rana. Ɗalibai sun ɗauki al'adar shafa wannan mai littafin, wasu har da sumba, wai don su ci jarrabawa. Ke 'yar makaranta, ni dai a ganina bita ta fi.

Wanda ya fi ba ni dariya yana kusa da ofishin shugabannin jami'ar. Kansa a ƙasa yake, yana ƙyaƙyata dariya, amma in kika zagaya bayansa sai ki ga ido guda ɗaya tak yana hararar ofishin. Ku duba fa, jami'ar ce ta ba da aikin, ga abin da ya saka mata da shi, ta kuwa karɓa ta kafa a ƙofarta.

Shi Arneson an haife shi a 1930, ya zo Davis koyarwa a 1962. A lokacin manyan masu zane ba su ɗauki yumɓu a bakin komai ba. A wurinsu yumɓu na kofi ne da faranti da tukunyar furanni, aikin masu sana'a. Wurin da aka ba shi wani dogon ɗakin kwano ne na wucin gadi, ana ce da shi TB-9. Ɗakin yana nan, na je na tsaya a gabansa, in ba a gaya miki ba sai ki ce rumbun ajiyar taki ne. Cikinsa ya shekara kusan talatin yana cuɗa yumɓu da ɗalibansa. A 1963 ya gina masai irin na Turawa, ya gasa shi ya ce ga aikinsa. Aka yi ta surutu. Ɗalibinsa David Gilhooly kuwa kwaɗi ya sa a gaba, ya yi musu sarakuna da tarihi, ya tsoma su cikin abinci iri iri.

Amma wanda na fi so ku sani shi ne keken rubutu, watau tafireta, da Arneson ya gina a 1965. Siffarta sak irin ta ofis, sai dai maimakon maɓallan haruffa, yatsun mace ne a jere, kowanne da jan farce. Da fari dariya za ki yi. In kika daɗe kina kallo sai dariyar ta tsaya miki a wuya, don za ki tuna matan da ke wuni suna buga wasiƙun wasu, har ba a bambanta su da na'urar. Duk wadda ta taɓa aikin akawu ta san abin da ake nufi.

Masu fenti ma ba a bar su a baya ba. Wayne Thiebaud, wanda ya fara koyarwa a nan a 1960, bai zana sarakuna ko yaƙi ba, kek ya zana da sauran kayan zaƙi, jere reras kamar yadda ake shirya su bayan gilashin kanti. Yakan lafta fentin da kauri har ki ji kamar ki lakata da yatsa. Sai dai babu mai saye a hoton, babu mai ci, kowane kek yana zaune da inuwarsa shi kaɗai. Ya rasu a 2021 yana da shekara 101. Roy De Forest shi kuma karnuka ya cika hotunansa da su, masu zazzaro ido, cikin ɗigo ɗigon launi. A 2016 jami'ar ta buɗe gidan ajiye zane mai suna Manetti Shrem, inda ake adana ayyukan waɗannan malamai.

Kada ku zaci ba'ar nan kullum lafiya take ƙarewa. A 1978 aka harbe magajin garin San Faransisko, George Moscone, a ofishinsa. Da birnin ya gina babban zauren taro da sunansa, sai aka ba Arneson aikin mutum-mutuminsa. Ya gina kan da yumɓu, fuska cike da murmushi, amma a jikin ginshiƙin da ke ɗauke da kan ya yi rubuce-rubuce, ya sa alamun harsashi da na jini, watau yadda mutumin ya rayu da yadda aka kashe shi. Wannan a 1981 ne, shekara uku kacal da rasuwar, ga matar mamacin da 'ya'yansa da rai. Hukumar birnin ta ce ba ta so. Ni kaina ban ga laifinsu ba ƙwarai, ko da yake shi ma ba ƙarya ya yi ba. Sai a 2012 babban gidan zane na birnin ya mallaki aikin, shekara ashirin bayan ciwon daji ya ɗauke Arneson a 1992.

Da la'asar na sake bi ta ƙofar ɗakin karatun za ni tashar jirgin ƙasa. Wata yarinya ta zo a guje kan keke, jakar littattafai a baya, ta taka birki, ta miƙa hannu ta shafa kan ƙwan, ta wuce abinta ko waiwaye ba ta yi ba.