Matuƙin Ƙaramin Jirgi a Mararraba

A ƙasar Amurka kamfanonin jiragen sama iri biyu ne. Akwai manya, kamar su Delta da United da American, masu haɗa manyan birane da ƙetare teku. Akwai kuma ƙanana, kamar su SkyWest da Republic da Envoy, waɗanda aikinsu shi ne su kwaso fasinjoji daga ƙananan garuruwa su kai su babban filin jirgi, kamar yadda motar kasuwa ta ke kwaso mutanen ƙauye ta kai su tashar jirgin ƙasa. Jiragensu galibi ba su wuce kujera 76, kuma sunan babban kamfani a ke rubuta musu a jiki, har fasinja ba ya sanin a hannun wa ya ke. A nan ne yawancin matuƙa su ke fara aiki.

To, ga misalin wani matuƙi ɗan shekara 38, mai mata da 'ya'ya uku. Shekararsa goma sha biyu a ƙaramin kamfani, ya zama kyaftin, watau shugaban jirgi mai zama a kujerar hagu. Ran nan sai ga takarda daga wani babban kamfani, an ce an ɗauke shi. Maƙwabta suka zo barka, amma shi ya kwana uku bai yi barcin kirki ba. Mai karatu zai yi mamaki, ya ce mutum ya sami ci gaba, me ya kawo zullumi? Sai an san yadda aikin ya ke kafin a gane.

Da fari dai, kujerar da ya ke kai ba da araha ya same ta ba. Kafin 2013 mutum ya kan zama mataimakin kyaftin da tuƙin awa 250 kawai, albashi kuwa abin tausayi. Ran 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya tona yadda matuƙan ƙananan kamfanoni su ke zaune, ga ƙarancin albashi, ga doguwar tafiya daga gida zuwa wurin aiki. Saboda haka majalisar ƙasar ta yi doka a 2010, daga 2013 aka ce sai mai awa 1,500 zai hau kujerar dama, in ban da rangwamen da aka yi wa tsofaffin sojan sama da waɗanda suka fito wasu makarantu. Samari da yawa su kan ci bashi su koyi tuƙi, sa'an nan su yi ta koyar da wasu har awoyin su cika. Kafin a koma kujerar hagu kuma, sai an ƙara awa 1,000 a aikin kamfani.

Na biyu, kuma shi ne gindin maganar, kome na wannan aiki bisa daɗewa ya ke tafiya. Ran da aka ɗauki matuƙi a kan sa sunansa a ƙarshen jeri, a ba shi lamba. Lambar nan ita ke zaɓa masa garin da zai zauna, da irin jirgin da zai tuƙa, da ranakun hutunsa, da lokacin da zai zama kyaftin. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Abin da ya fi ciwo shi ne, lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Sa'ad da kamfanonin Eastern da Pan Am suka rushe a 1991, kyaftin masu furfura da dama sai a ƙarshen jerin wasu kamfanoni suka sami wuri, a ƙarƙashin waɗanda suka haifa.

Mutumin nan namu yana kusa da kan jeri a inda ya ke. Ya san ranar da zai kwana a gida, in yaro ba shi da lafiya yana iya musanya aiki. In ya tafi, zai koma mataimaki, sabon shiga, mai zaman jiran kira a wani birni mai nisa, ranar biki kuwa shi za a tura. Har wa yau in kasuwa ta faɗi, daga ƙasan jeri a ke fara sallama. Haka aka yi bayan harin 11 ga Satumba, 2001, dubban matuƙa suka zauna gida, wasu shekara da shekaru.

Amma fa zaman ma ba shi da tabbas. Ƙaramin kamfani ɗan kwangila ne, ba shi ke da fasinjojin ba. In babba ya janye kwangila, shi ke nan. A 2020, lokacin annobar korona, kamfanonin Trans States da Compass da ExpressJet duk suka rufe, na kan jeri da na ƙarshe suka fita ta ƙofa ɗaya. Ko da ya ke a 2022, da matuƙa suka yi ƙaranci, ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin American sun ɗaga ladan sabon mataimaki zuwa dala 90 a awa, duk da haka kyaftin na babban jirgi mai ƙetare teku ya fi na ƙarami samu nesa ba kusa ba, tanadin da a ke yi masa don tsufa ma ya fi kauri. Ƙofar manyan kuma ba kullum ta ke buɗe ba, gama a 2024 wasunsu sun rage ɗaukar ma'aikata.

A dare na uku sai matarsa ta ɗauko takarda da fensir, ta ce, "Maigida, bar auna albashin bana, auna shekarun da suka rage." Tun 2007 doka ta ce matuƙin kamfani zai ajiye aiki in ya cika 65. Suka lissafa, saura shekara 27. Wahalar sabon shiga ta 'yan shekaru ce, sauran kuwa hawa ne. Suka duba ajiyarsu, suka ga za ta riƙe gidan shekara guda ko da an sallame shi. Suka kira yaran suka gaya musu gaskiya, cewa uba zai yi wuyar gani na wani lokaci. Da gari ya waye ya sa hannu.

Abokin aikinsa ɗan shekara 56 ya sami irin wannan takarda, ya mayar da ita da godiya. Shekara tara ba su isa a hau sabon tsani ba, ga iyaye tsofaffi a garin da ya ke zaune. Ba wanda ya yi wauta a cikinsu, ko da ya ke amsarsu ta bambanta, domin kowa ƙidayar gidansa ya yi.

Wannan magana ba ta masu jirgi kaɗai ba ce. Duk ma'aikacin da aka yi wa tayin wuri mafi girma, ya kamata ya san abin da zai bari a ƙofa, da yawan shekarun da zai samu ya mayar da shi, da waɗanda za su sha wahalar tare da shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Allah ya sa a dace.