Masu Farar Riga a Bayan Tashar Jidda

Da na kammala Umra sai na gangaro Jidda don in sa kayan shagona a jirgin ruwa: darduma, jallabiyoyi da katan-katan na dabino. Hanyar Makka zuwa Jidda ba ta da labari, kwalta ce shimfiɗe, barci na yi har muka shiga gari.

Gumi ne ya fara yi mini maraba. Zafinmu na Kano busasshe ne, in ka samu inuwar darbejiya ka tsira. Na Jidda kuwa iskar Bahar Maliya ce mai danshi, kana fita riga ta manne maka a baya, inuwa ba ta da wani amfani. Ita tashar, ba a barin mutum ya shiga sai da takarda, amma daga nesa kana hango injinan ɗaga kaya a jere da kwantenoni an gicciya su bisa juna. Tun zamanin Sayyidina Usman, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa a maimakon Shu'aiba. Kakanninmu da suka tako ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, a wannan gaɓa suke sauka. Ko a watan Afrilun 2023, nan jirage suka riƙa sauke waɗanda suka gudo daga yaƙin Sudan.

Masaukin da wani dillali ya kai ni, Allah ya kiyaye. Na'urar sanyaya ɗaki sai ƙara, ba sanyi. Famfo ruwa mai gishiri-gishiri, katifa kuwa kuɗin cizo sun riga ni kama ta. Mai wurin ya karɓi riyal ɗinsa tun kafin in ga ɗakin, da na yi magana ya ɗaga kafaɗa. A garinmu ko almajiri ka saukar a zaure sai ka share masa, ka shimfiɗa tabarma mai kyau.

A ƙofar ofishin awon kaya na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Wani direban tirela, ƙato, ya fusata a kan layi, ya shaƙi wuyan rigar wani saurayi ɗan dako, ya ɗaga hannu zai mare shi. Yaron ya ɗan goce, ya kama wuyan hannun, ya juya shi kaɗan, sai ga ƙaton nan ya durƙusa. Ya riƙe shi haka, bai ɗaga murya ba, har wutar ta mutu, sannan ya sake shi ya ɗauko masa hularsa da ta faɗi. Na san 'yan dakon Kwari da Singa, jarumai ne, amma da a can ne da yanzu an fasa baki an taru.

Wani dattijo da ke kusa ya ji na yi salati da Hausa, ya ce, "Alhaji, daga ina?" Ashe Batakare ne, a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo a ƙasa daga ƙasar Katsina. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashe su daga tsohuwar unguwarsu ta kudancin gari. Da ya ji inda na kwana sai ya ce, "Haba ɗana, ga gida?" A ranar ya kwashe jakata. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar daga gida ake aiko musu, da safe kuma wake da gurasar tamis irin tasu.

Yaron nan ɗan dako ɗalibin dattijon ne. Bayan sallar Isha ya tafi da ni wani ɗaki mai faɗi da aka shimfiɗe da katifun roba, yara da samari cikin fararen riguna, kowa da ɗamararsa, daga fara har baƙa. Kareti suke koya. Akwai 'ya'yan Takari, akwai 'yan Yaman, da Sudan, da 'yan ƙasa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an daɗe ba a kai naushi ko ɗaya ba: gudu, miƙa jijiya, numfashi, sai koyon faɗuwa, yadda mutum zai sha ƙasa bai karya hannu ko ya bugi ƙeya ba. Da aka zo karawa, ana kai hannu har kusa da fuska a tsayar da shi cak. Baba ya ce mini, "Kai naushi kowa ya iya. Tsayar da shi ne muke shekaru muna koyarwa."

Ya kawo misalin Tariƙ Hamdi, ɗan Saudiyya, wanda a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 yana gaba da maki, ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran ƙafa a sama har ya suma, alƙalai suka ce ya wuce ƙa'ida, zinare ya koma azurfa. Yaran sun ji zafin hukuncin, in ji shi, amma da shi yake ja musu kunne.

Samarin da ke dako a tasha sun ce tun da suka fara, ciwon baya ya ragu, don sun koyi ɗaukar nauyi da ƙafa da ƙugu. Wani mai furfura ya ce likita ne ya turo shi saboda hawan jini, yanzu yana barci kamar jariri. Su kuma ƙananan, wanda ya zo da rahoton rashin kunya daga gida ko makaranta, a gefe zai zauna ya kalli 'yan'uwansa.

A nan raina ya sosu, domin mu ba baƙin wannan abu ba ne. Muna da dambe, muna da kokawa, mun yi Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Ƙware. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta Takobi, ƙasa ta tsaya cak. Abdurrazak Alfaga ya ciyo musu azurfa a taikwando a Rio a 2016, shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya. Zuciya da ƙashi muna da su fiye da abin da na gani a ɗakin nan, ban ga wanda zai yi turmi uku da ɗan damben Guramada ba. Abin da muka rasa shi ne ɗakin da malamin. Yaro a wurinmu in yana son dambe sai ya ɓoye wa ubansa, ya koya a bayan mayanka, inda wani lokaci laya da hayaƙi suke riga horo zuwa. Alhali malamanmu da kansu suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Da kowace Islamiyya a Fagge ko Kurna za ta ware fili da yamma, a samu tsohon ɗan kokawa mai mutunci ya riƙe yaran, da ƙarfin da ke ƙarewa a daba ya samu wurin zuwa.

Sauran kwanakin na takardu ne da jiran lambar kwantena. Na leƙa tsohon gari, Balad, na ga gidajen nan masu tagogin katako, na sayi turare a wajen Bab Makka. Baba ya raka ni filin jirgi, ya ba ni saƙon zannuwa in kai wa danginsa a Katsina. Kayana kuwa sai da damina ta faɗi suka iso Kano.