Hannun Ungozoma

A karkarar Gummi, Anka da Bukkuyum, idan mace ta sauka, ungozoma kan shafa man kaɗanya a tafinta, ta tausa mata ciki domin mahaifa ta koma mazauninta. Tana tausa tana sauraron damuwar mai jego, gama a wurinta jiki da zuciya tare suke warkewa. Haka takwarorinta na ƙabilar Maya suke yi a Meziko.

Sai dai hannu yana da iyaka. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum; nasu ciwon cikin ya fi ƙarfin tausa. Gwanar ungozoma ita ce wadda ta san ranar janye hannu, ta ce a nufi asibiti.