Akwatin da bai san iyaka ba

A kan takarda, integiral mai iyaka yakan zo da iyakokinsa a bayyane, ɗaya a ƙasan alamar, ɗaya a samanta. Ɗalibin fasaha da ya saba da wannan siffa yakan yi turus ranar da ya fara buɗe Simulink, ko Xcos na Scilab da ake samu kyauta. Zai jawo akwatin tarawa, mai ɗauke da alamar 1/s, ya buɗe shi yana neman inda zai rubuta mafari da matsaya, ya tarar babu. Akwai gurbin ƙimar farawa, akwai kuma wasu iyakoki biyu masu hana sakamako wuce wani mataki. Waɗannan biyun su ne tarkon, domin sunan iyaka gare su amma aikinsu dabam.

Akwatin nan bai san x ba, lokaci kawai ya sani. Tamkar randa yake: duk abin da aka zuba masa yana tarawa, tun daga fara gudun kwaikwayo har zuwa tsayawarsa. Saboda haka iyakar ƙasa ita ce lokacin farawa, ta sama kuma lokacin tsayawa, kuma a saitin gudun ake rubuta su. Mai neman integiral na t² daga 0 zuwa 3 zai ɗauko akwatin agogo, ya ninka abin da yake fitarwa da kansa, ya shigar cikin akwatin tarawa da ƙimar farawa 0, ya tsayar da gudu a 3. Lambar ƙarshe da ta bayyana ita ce amsa: 9. Idan ya bar lokacin tsayawa a 10, yadda Simulink ke zuwa da shi, zai sami 333,33. Manhajar ba za ta ce masa uffan ba, domin wannan ma amsa ce ta gaskiya, ta wata tambayar da bai yi ba.

Abin da ya fi wuyar karɓa shi ne injin ba ya warware komai irin yadda malami ke yi a allo. Taki-taki yake tafiya yana ƙiyasi. Da hanyar Euler, a taki 0,1, wannan lissafin yana ba da kusan 8,56; a taki 0,01 yana ba da kusan 8,96. Kullum ƙasa da 9, saboda hanyar tana ɗaukar tsayin farkon kowane taki alhali layin hawa yake yi. Hanyar Runge-Kutta mai mataki huɗu kuwa tana faɗawa kan 9 daidai. Ɗalibin da ya gwada wannan da hannunsa sau ɗaya ba zai sake amincewa da lamba don kawai ta fito a allon kwamfuta ba.

Sai dai ba don t² aka ƙera akwatin ba. Wannan alƙalami ya ishe shi. Amfaninsa yana fitowa ne a aiki irin na famfon rijiya mai aiki da hasken rana, wanda ruwansa ke ƙaruwa da hantsi, ya kai ƙololuwa da tsakar rana, ya ja baya da la'asar. A ƙaddara famfon yana aiki awa 10, ƙololuwarsa mita kubik 3 a awa, hawansa da saukarsa kamar rabin layin sinus. Wanda ya ninka 3 da 10 zai yi wa ƙauye alkawarin mita kubik 30 a yini, alhali abin da akwatin zai tara bai wuce 19,1 ba. Kusan sulusin ruwan alkawari ke nan babu shi, kuma da wannan lambar ake yanke girman tanki da yawan gidajen da zai shayar.

Nan ma akwai abin lura: agogon manhajar daƙiƙa yake ƙirgawa. Idan an rubuta gudun ruwa da ma'aunin awa, to 10 ɗin lokacin tsayawa ma a matsayin awa za a karanta ta. Wanda ya bar gudun da awa, ya rubuta lokacin da daƙiƙa, amsarsa za ta kumbura sau 3600.