Yashin Wudil da Wutar Ƙarƙashin Ƙasa

'Yan'uwana mata, in Allah ya kai ku Wudil ran Jumma'a, ku bar maza da cinikin shanunsu, ku gangara gindin gada wurin masu ɗibar yashi. Ku ɗebi tafi guda ku duba a rana, za ku ga yana ƙyalƙyali. Garin duwatsu ne, ruwa ya niƙo shi.

Kogin nan gamayyar Kogin Kano ne da na Calawa. Na Kano kuwa daga tuddan kudu ya taso, ta wajen Riruwai, inda ake narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Masana sun ce Riruwai dutse ne mai aman wuta, ya mutu yau wajen shekara miliyan 170. Narkakken dutsen da bai fito ba ya huce a ciki, ruwan zafi ya bi tsagoginsa ya ajiye kuza, kamar yadda kanwa ke kwantawa a gindin ƙwarya.

Amma akwai wutar da ta girme wannan. Ƙasan nan da muke takawa ɓawo ce, a tsattsage kamar sakaina, kuma tana motsi. Inda ɓawon teku ya kutsa ƙarƙashin na tudu yakan tafi da ruwa, ruwan nan ya sa dutse ya narke can ƙasa, ya taso da ƙarafa. Haka ake yi har yau a Cile, shi ya sa ba ƙasar da ta kai ta haƙar jan ƙarfe. Mu namu ya auku wajen shekara miliyan 600, har tekun ya rufe, tudu ya yi karo da tudu. Zinariyar Anka da ta Birnin Gwari gadon karon nan ce.

To, ga inda abin ya shafe mu. Ruwan da ya ajiye zinariya ba ya tankaɗe, a wasu wurare har da dalma ya haɗa. A 2010, a Bagega da Dareta da wasu ƙauyukan Zamfara, an riƙa dakan duwatsun zinariya a tsakar gida. Ƙura ta bi abinci da hannun masu rarrafe, yara fiye da 400 suka rasu. In maigida ya shigo da buhun dutse, ki roƙe shi ya bar shi can bayan gari, kada kuma ki ba da aron turminki. Kwallin dutse ma, mai walƙiyan nan, dalma ce a cikinsa, ki raba shi da idon jinjiri.